Ga baƙon da zai shiga kasuwa a Sakkwato

'Yan uwa, wanda ya zo Sakkwato sayayya, ya yi sammako. Daga Maris zuwa Mayu, hantsi na yi rana ta fara dukan mutum, sai ka sayi kaya a gaggauce ka yi asara. Fara da Babbar Kasuwa, ka bar shagunan titin Ahmadu Bello da na Emir Yahaya sai bayan la'asar.

In kayan fata kake so, tambayi na jar akuya. In takalmi ne, lanƙwasa shi a hannunka, duba ɗinkin ta ciki, ka sansana. Fatar da ba ta jemu ba wari take yi, kuma tsagewa za ta yi.

Ku yi ciniki da ɗan kabu-kabu, wato mai babur ɗin haya, kafin ka hau. Riƙe 'yan canji, tiransifa kan maƙale.