Yadda za a tattauna da likita idan sankarar mama ta kai ƙwaƙwalwa

Idan aka shaida wa iyali a Makka ko Jidda cewa sankarar mama ta 'yar uwarsu ta bazu zuwa ƙwaƙwalwa, abu na farko da ya kamata su nema shi ne takardar sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba, domin a cikinta aka rubuta nau'in ciwon, kuma da nau'in ne ake zaɓen magani. Su tambaya kai tsaye ko ciwon yana ɗauke da sinadarin HER2, wato wani furotin da idan ya yi yawa yake sa ƙwayoyin sankara saurin girma.

Dalilin tambayar shi ne, ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da jini yake kawo mata, saboda haka yawancin tsofaffin magungunan kemo ba sa isa gare ta yadda ake buƙata, aka daɗe ana dogaro da gashi (wato ƙona ciwon da haske na musamman, radiotherapy) da tiyata. Binciken HER2CLIMB, wanda aka yi da marasa lafiya 612 masu ciwo mai ɗauke da HER2, kusan rabinsu ciwon ya riga ya kai ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa ƙara maganin tucatinib a kan magungunan trastuzumab da capecitabine yana jinkirta ci gaban ciwon, yana kuma ƙara tsawon kwana da yardar Allah. Amurka ta amince da tucatinib a 2020. Maganin Enhertu ma ya nuna tasiri a ƙwaƙwalwa. Sai a tambayi likita wanne ya dace da ita, kuma kafin gashi za a fara ko bayansa.

Daga nan a nemi sanin ko akwai gwajin sabon magani da za ta iya shiga, kamar irin waɗanda ake gudanarwa a Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyadh da Jidda. A ganina, kada ta sa hannu a takardar amincewa sai an karanta mata da harshen da take ji sosai, ko da za a kawo tafinta, an kuma fayyace wanda zai biya kuɗin magani da na hoto, musamman ga masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Tana da haƙƙin janyewa duk lokacin da ta so.

Idan an fara, a riƙa rubuta duk wani sauyi. Capecitabine yakan kawo gudawa da tsagewar tafin hannu da na ƙafa, Enhertu kuwa yana iya kumbura huhu, don haka sabon tari ko sarƙewar numfashi ba abin da za a jira ranar komawa asibiti ba ne. Haka ma jijjiga ko matsanancin ciwon kai mai zuwa da amai. A kuma faɗa wa likita duk wani maganin gargajiya da take sha, a nemi shawararsa kafin ta ɗauki azumi.