Yadda ake gane mangwaron da ya nuna: ido ya bari hannu da hanci su yi aikinsu

Wani azumi da ya faɗo a farkon zafi, na tsaya bakin hanya kusa da kasuwar Katako a Yamai na sayi mangwaro shida don buɗa baki. Jawur suke, sai ƙyalli, ka ce da man gyaɗa aka shafe su. Ana kiran sallar magariba uwargida ta sa wuƙa, sai ga ciki fari-fari, ga tsamin da ke kashe haƙori. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Washegari na koma, ban tarar da mai baron ba, sai wani dattijo da ya kasa nasa a kan buhu, kore shar, ba mai ko kallonsu. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da ido ka saya. Miƙo hannunka." Abin da ya nuna mini a tsaye a wurin, da abin da na ƙara sani daga baya, su zan shimfiɗa a nan.

Kafin komai sai a raba abu biyu da ake yawan haɗawa: ƙosawa da nuna. Ƙosawa a bisa itace take faruwa, lokacin da ɗan ya gama girma ya tara sitaci a cikinsa. Nuna kuwa ita ce juyewar sitacin nan ya koma sukari, tsami ya ragu, tsoka ta yi laushi, ƙamshi ya tashi. Mangwaro na cikin ƴaƴan itacen da ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar ayaba da gwanda, saboda wata iska da yake fitarwa da kansa mai suna etilin. Shi ya sa ake iya ɗauko shi da tauri daga Bobo-Dioulasso ko Orodara na ƙasar Burkina Faso ya zo ya nuna a Yamai. Amma sharaɗin shi ne a tsinke shi ƙosasshe. Wanda aka kakkaɓo bai ƙosa ba, ko wata ka yi kana jira, laushi kawai zai yi ya yamushe, zaƙi ba zai zo ba, don ba a ajiye komai a ciki ba balle ya juya.

Mataki na farko: tambayi irinsa

Kada ka ji nauyin tambaya. Ƙaramin mangwaronmu na gida mai zare, wanda yara ke murzawa su huda su tsotse, shi ne ke faɗin gaskiya da launinsa: in ya nuna yakan koma ruwan ɗorawa. Manyan nan na aure da ake shigowa da su daga Burkina Faso da Mali da Kodebuwa, su kam kowa da halinsa. Amélie shi ke fara sauka tun watan Maris zuwa Afrilu, kuma sau da yawa ɓawonsa na nan kore alhali cikinsa ya yi ja kamar manja. Kent na biye masa, kore mai duhu da ɗan ja a kafaɗa, ba shi da zare sosai. Keitt da Brooks su ne ƴan baya, har damina ta sauka ana samunsu, kuma Keitt na iya nuna sarai bai canza riga ba. Mai kaya ba lallai ya kira su da waɗannan sunaye ba, amma in ka ce masa, "Malam, wannan irin yana nuna da korensa ko sai ya juya?" zai gaya maka, muddin ba yau ya fara sana'ar ba.

Jan nan da ke ɗaukar ido kuwa, aikin rana ne. Gefen da ya fuskanci rana a bisa itace shi ke yin ja, tun ɗan yana ɗanye.

Mataki na biyu: dubi ƙira

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ga inda kimar tasa take da amfani. Riƙe mangwaron ɗan karansa na sama, ka dube shi ta gefe. Ƙosasshe kafaɗunsa biyu sun cika sun taso, har gindin karan ya ɗan lotsa tsakaninsu, kumatunsa kuma sun yi ɓul-ɓul. Wanda bai ƙosa ba kafaɗunsa a zube suke, jikinsa a shafe kamar an danne shi, karan na tsaye a kan tudu. Wannan dubawa ta fi ƙarfi a manyan na aure. Auna nauyinsa kuma a tafin hannu: cikin biyu masu girma ɗaya, ɗauki mai nauyi.

Ƴan ɗigo-ɗigon baƙi ƙanana a ɓawo ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne baƙin tabo mai faɗi da ya lotsa, musamman wanda ya taso daga gindin kara, don ruɓa ce ta fara daga nan. Zanen baƙi mai sheƙi da ya gangaro daga kara kuma ƙaron itacen ne ya ƙona ɓawo. Muni ne kawai, cikin lafiya lau.

Mataki na uku: hannu

Nan ne dattijon ya daɗe da ni, kuma nan ne mafi yawanmu muke ɓarna. Za ka ga mutum ya tsaya gaban tebur yana luma babban yatsa cikin kowane mangwaro, ya ajiye ya ɗauki wani, ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Duk inda yatsan ya shiga, gobe wurin ya yi baƙi, asarar kuma ta mai kaya ce. Bayan haka ma dannawar ba ta faɗa maka gaskiya, domin in mutum goma sun latsa wuri ɗaya, ɗanye ma sai ya yi laushi a nan.

Yadda ake yi: ɗora shi a tafin hannu, ka rufe shi da yatsunka duka, ka ɗan matsa a hankali kamar kana gaisawa da tsoho. Abu uku za ka iya ji. In ya tsaya ƙyam kamar dutse, da sauran kwanaki. In ya ɗan ba da kai ya dawo, ba tare da yatsa ya bar gurbi ba, na ci ne yau ko gobe. In kuwa yatsa ya nutse, ko ka ji kamar ruwa na kai-komo a ƙarƙashin ɓawo, ya zarce. Sai dai a matse a sha, in bai yi tsami ba. Ka juya shi ka gwada ɗaya gefen. Nuna ta gaskiya tana game jiki duka, kusan daidai wa daida. Laushin wuri ɗaya tak, sauran jiki da tauri, buguwa ce: ko ya faɗo daga itace, ko ya sha matsa a ƙasan mota.

Ƙaramin na gida shi kam ana son ya ɗan fi haka laushi, tunda tsotsa za a yi. Na aure da za a yanka a faranti gara a same shi da ɗan ƙarfinsa.

Mataki na huɗu: hanci

Kai gindin karan bakin hancinka, ba kumatun ba. Nunanne yana da ƙamshi mai zaƙi da ba ya ɓuya. In ba ka ji komai ba, ko ka ji ƙamshin ɗanyen ganye da ƙaro, bai kai ba. In ka ji tsami-tsami kamar kunun da ya kwana, sukarin ya fara juyawa, bar shi. A ganina hanci ya fi duk sauran gwaje-gwajen amana, don shi ne ba a iya yi wa kwalliya. Mai azumi ma ba abin da zai hana shi sansanawa.

Mataki na biyar: gane na dole

Mangwaron da na saya ran nan irin wanda aka tilasta wa nuna ne. A farkon kaka, lokacin da kaya ke da tsada kuma kowa na ɗokinsa, wasu kan tsinko ɗanye su rufe shi da sinadarin kabaid, wannan farin dutse mai toka-toka da masu walda ke jiƙawa ya ba su iskar hura wuta. In ya sha laima yana fitar da asetilin, iskar da ke kwaikwayon etilin, sai ɓawo ya juya cikin kwana ɗaya ko biyu alhali ciki bai shirya ba. Kabaid ɗin kasuwa na ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba, shi ya sa ƙasashe da dama, ciki har da Indiya, uwar mangwaro, suka hana nuka ƴaƴan itace da shi.

Alamu: launi ya yi kyau fiye da kima amma babu ƙamshi, kafaɗu a zube ga ɓawo rawaya, wani lokaci rawaya da kore sun yi dabbare-dabbare ba su saje ba, wani lokaci kuma ɗan farin gari a jiki da wari mai kama da na tafarnuwa. Alama ɗaya ba ta isa ka zargi bawan Allah ba. Amma in kyan launi ya haɗu da rashin ƙamshi da zubabbun kafaɗu, mayar da kuɗinka aljihu.

Akwai kuma nunar rana, wanda ya yini a kan tebur cikin zafin Afrilu har gefe ɗaya ya yi laushi ya koɗe. Wannan dafuwa ya yi, ba nuna ba. Zaɓi daga ƙasan tari ko wanda ke cikin inuwa.

Mataki na shida: nuka shi a gida

In iyali na da yawa, kada ka sayi nunanne duka. Raba sayayyar uku: na yau, na jibi, da masu tauri na ƙarshen mako. Haka in tsaraba ce za ka aika Tahoua, tafiyar sama da kilomita 500 ta Dosso da Dogondutsi da Ƙonni, ƙosassu masu tauri za ka zaɓa; nunanne kafin ya isa ya zama kunu a cikin kwali.

Masu taurin, jera su a kwali ko kwando, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka rufa wata a sama, kada ka tula su bisa juna. In kana gaggawa saka nunanniyar ayaba ɗaya a ciki, etilin ɗinta zai zaburar da su. Tsofaffi kan tura shi cikin buhun hatsi, dabarar ɗaya ce: iskar da yake fitarwa ta tsaya kusa da shi. Leda kuwa kada ka kusance ta, gumi zai yi ya ruɓe.

Matsalarmu a Yamai zafi ne. Mangwaro ya fi nuna da kyau a wajen digiri 20 zuwa 25, mu kuwa a Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40. In zafi ya yi yawa yakan yi laushi da sauri, launi bai daidaita ba, ɗanɗano ya yi wani iri. Don haka nemi wuri mafi sanyi a gidan, ƙasan gado a ɗakin ƙasa ko gefen randa, nesa da rufin kwano da madafa. Duba su safe da yamma, domin a irin wannan yanayi tsakanin "saura kaɗan" da "ya zarce" bai fi yini ɗaya ba. Duk wanda ya kai, fitar da shi daga cikin ƴan uwansa.

Firigo na nunanne ne kaɗai. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana lalata ɗanye: ɓawo ya yi toka-toka, nuna ta tsaya, ko an fito da shi ba ya komawa daidai. Nunanne kuwa zai iya kwana huɗu ko biyar a ciki, in wuta ta yarda ta zauna.

Mataki na ƙarshe: wuƙa

Wanke shi tukuna, musamman gindin kara. Ƙaron nan ne ke sa wa yara ƙuraje a gefen baki, ba zaƙin ba kamar yadda ake cewa. Sannan yanka kumatu ɗaya dab da ƙwallo. Mangwaro daga wajen ƙwallo yake fara nuna ya fito waje, don haka in launi ya game tun daga ƙwallo har ɓawo, ya kai. In kusa da ɓawo fari ne, ka yi sauri. Sa masa gishiri da yaji ka miƙa wa masu sonsa haka, ba a rasa su a gida.

Da zarar ruwan sama ya fara sauka a watan Yuni sai a ƙara kula. Lokacin ne ƙudan ƴaƴan itace ke yawaita, macen ta huda ɓawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki alhali waje sumul. Nemi ɗan huji kamar na allura, da laushi ko ɗigon ruwa kewaye da shi. A wannan lokaci ba na barin yara su huda su tsotsa, sai an yanka an gani. Wanda aka samu da tsutsa kuma a ɗaure shi a leda tare da ƙwallonsa kafin a yar, a huta da ƙuda.

In kwali guda za ka saya, ko na suna ko na biki, biya kuɗin ɗaya tukuna, ka zaro shi da hannunka daga tsakiyar kwalin, ba wanda aka ɗora a sama ba, ka ce, "Baba, a yanka mini wannan mu gani." Dattijon nan na Katako ma kafin in rufe baki ya riga ya zaro wuƙarsa daga ƙarƙashin buhu.