Yadda na gyara wayar saman ƙaramin layin dogona

A nan Jos, wayar lantarkin da na ja bisa ƙaramin layin dogona na wasa mai ma'aunin 1:87 (wato ya gaza na gaske sau 87) takan saki da rana, idan sanyin dare ya sauko kuma sai ta ɗame har ta lanƙwasa turakun tagullar da na ƙera da hannu, hannun da ke saman jirgin, mai gogar wayar, ya riƙa sarƙewa. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Na narkar da dalmar da ta riƙe ƙarshen wayar, na sa ƙaramin sifirin a gurbinta, kamar yadda manyan layukan dogo ke rataya nauyi domin wayar ta zauna a ɗame daidai ko da zafi ko da sanyi. Turakun da ke wurin lanƙwasar layin kuma na tokare su ta baya. Yanzu jirgin yana wucewa lafiya ko da hunturu.