Yadda za ka gane ko rana ce ke rikita maka rediyo da GPS

To jama'a, rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba, dare da rana tana feso wata iska mai ɗauke da cajin lantarki wadda masana ke kira filasma, tana gudun wajen kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisun duniya ne ke tare mana ita. Rigimar tana tashi ne in ranar ta amayo wani ƙaton curi ta nufo mu da shi.

Ka buɗe shafin hasashen yanayin sararin samaniya na hukumar NOAA ta Amurka, kyauta ne. Fara da lambar Kp, ita ce ma'aunin yadda maganaɗisun duniya ya hargitse, daga 0 zuwa 9 take. In ba ta kai 5 ba ci gaba da harkarka. Daga 5 guguwar maganaɗisu ta fara, 9 kuwa ita ce G5, matakin guguwa mafi tsanani, irin ta 10 ga Mayun 2024 da ta rikita taraktocin manoman Amurka masu bin GPS ana tsakiyar shuka.

Sai dai fa Kp labarin abin da ya riga ya faru take ba ka, ni na fi yarda da lambar Bz, mai nuna ko maganaɗisun filasmar arewa ya fuskanta ko kudu. Akwai na'urori can kilomita miliyan 1.5 tsakaninmu da rana suna auna inda maganaɗisun filasmar ya fuskanta kafin ta iso, in ka ga Bz ta koma ƙasa da sifili wato ta juya kudu kenan, to ta samu ƙofar shiga, in ta sauka -10 ko ƙasa da haka ta zauna nan awanni to guguwar ba ta wasa ba ce, kuma gargaɗin bai wuce minti 15 zuwa awa ɗaya ba.

Masu kama gajeren zango ku kuma walƙiyar rana za ku duba, wato wani haske mai ƙarfi da ke ɓarkewa kwatsam a jikin rana, ajin M da X su ne manyan. Haskenta minti 8 ya iso, sai tasha ta ɗauke ɗif da rana tsaka, kar ka zargi batir, jira kawai za ta dawo. Curin filasmar shi sai bayan kwana 1 zuwa 3.

Saƙon nan na WhatsApp mai cewa a kashe waya da tsakar dare wai saboda haɗari daga sararin samaniya, don Allah a daina turawa. Wayar aljihunka lafiya lau. Dogayen layukan wuta da taransifoma su ke shan wahala, kamar Quebec ta Kanada da ta kwashe awa 9 babu wuta ranar 13 ga Maris 1989, sai taurarin ɗan adam, a Fabrairun 2022 Starlink mai ba da intanet ta yi asarar taurari kusan 40.

Mu nan kar ka sa rai da ganin launukan hasken nan da guguwar ke kawowa a sararin Turai da dare. Namu daban ne, layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, shi ya sa bayan magariba filasmar da ke can sama take yin kumfa-kumfa, siginar GPS in ta bi ta ciki sai ta riƙa rawa har wajen tsakar dare, an fi gani wajen Maris da Satumba, kuma ko Kp na ƙasa hakan na faruwa. In kai mai awon fili ne ko mai tashin jirgi marar matuƙi, yi aikinka da safe, in kuma dole sai da dare ka auna to ka sake maimaita awon washegari kafin ka kafa turaku.