Yadda Ake Gane Ɓangarorin Jirgin Ruwa a Turancin Matuƙa

A cikin jirgin ruwa ba a dogara da hagu da dama, domin hagun wanda ya fuskanci gaba shi ne daman wanda ya juya baya. Shi ya sa kowane ɓangare yake da sunansa, kuma sunayen na jirgin ne, ba na mutum ba. Mai koyon aikin jirgi da mai fassara labarin teku duk suna buƙatar riƙe su da kyau.

Da farko, ka fuskanci goshin jirgin, wato bow. Abin da ke bayanka shi ne stern, kuma babu ruwansa da stern ɗin da ake kiran mutum mai tsanani.

Na biyu, hannunka na dama shi ne starboard. Kada star ɗin ta sa ka tuna tauraro. Asalinta steorbord ne a tsohon Turanci, wato gefen tuƙi, saboda a dā a gefen dama na baya ake ɗaure ƙaton itacen tuƙi, tunda yawancin matuƙa da dama suke aiki.

Na uku, hagunka port ne. Nan ne aka fi ruɗewa, domin kalmar ce dai ake kiran tashar jiragen ruwa da ita, har da kafar da ake cusa waya a jikin kwamfuta. Tsohon sunan wannan gefen larboard ne. To, ana tsakiyar guguwa, kyaftin ya daka tsawa, wa zai bambance larboard da starboard? Shi ya sa sojojin ruwan Birtaniya suka koma port a 1844, na Amurka suka bi sahu a 1846. A ganina gyara ne da ya ceci rayuka. Don saurin tunawa, port da left kowacce harafi 4 ce.

Da dare kuma sai ka dubi fitila. Ja tana gefen port, koriya tana starboard. In ka hango su tare a jikin wani jirgi, jirgin kai yake fuskanta.

Sai kalmomin taka ƙafa. Board katako ce, hukumar gudanarwa ce, amma in fasinja ya yi ta, ya hau jirgi ke nan. Overboard kuwa faɗawa ruwa ce. Step ma ba kullum taku ba ne: in aka haɗa ta da mast, ana nufin kafa doguwar sandar ƙyallen iska a raminta. Don haka ka fara duba kalmar da ke kusa da ita kafin ka fassara.