Yadda malami zai buɗe kunne da bakin ɗalibi a Turancin jami'a

Sau da yawa ɗalibi ya ci Turanci a WAEC, amma lakcara ya shafe awa guda yana bayani, shi kuwa ya fito littafinsa fayau. Kalmomin yana da su. Kunnen ne bai saba ba, bakin kuma kunya ta ɗaure shi.

Fara da kunne. Sauke sauti gajere a waya, kamar shirin 6 Minute English na BBC, ka haɗa da 'yar sifika. Ka yi mata caji tun dare, ka san halin wuta. Kafin ka kunna, rubuta taken a allo, ka tambaye su abin da suke tsammanin ji.

A jin farko kowa ya ajiye biro, gundarin maganar kawai ake nema. A na biyu su rubuta lambobi, sunaye, da kalmomin da ke nuna mai magana ya sauya akala, irin however da on the other hand, domin bayansu ne muhimmin batu ya fi zuwa. Sai a ji na uku za ka raba rubutaccen zancen. In ka raba tun farko, karatu za su yi, ba sauraro ba. Idan tafiya ta miƙa, rage zuwa ji ɗaya, tunda a IELTS, jarrabawar gwada Turanci ta ƙasa da ƙasa, sau ɗaya ake kunna sautin, ga tambayoyi 40.

Daga nan sai baki. Ko ajin ya cika maƙil, haɗa su bibbiyu. Ba kowa batu daga darasinsa, minti ɗaya na shiri, minti biyu na magana, abokinsa na ɗauka a waya. Jin muryar kai na da ɗaci, amma ya fi gyaran malami shiga jiki.

Ware minti biyar don sautukan da ke ba Bahaushe wuya. Ɗalibi ya riƙe takarda dab da baki ya ce pan: takardar ta yi tsalle. Ya ce fan, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Haka vote da boat, sai thirteen da thirty, inda nauyin gaɓa ke raba 13 da 30.

Kada ka katse mai magana don gyara. Tattara kurakuran a takarda, ka rubuta uku a allo a ƙarshen darasi ba tare da suna ba, ajin ya gyara tare.