Yadda Ake Auna Halin Mutum da Jimloli 50

Masana halayyar ɗan Adam ba sa kasa mutane gida-gida, a ce wannan mai zafi ne, wancan mai sanyi. Abin da suke dubawa shi ne inda mutum ya tsaya a ma'aunai biyar: son cuɗanya da jama'a, sauƙin kai da tausayi, tsari da cika aiki, natsuwar zuciya, da son sabon tunani. Aikin ya samo asali tun 1936, da Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamusun Turanci. Masu binciken da suka biyo baya ne suka tace su har suka tsaya a biyar.

Takardar da ta fi sauƙin samu ita ce ta IPIP, rumbun tambayoyi na kyauta da Lewis Goldberg ya assasa. Jimloli 50 ne, goma ga kowane hali. Mai amsawa zai ba kowace jimla maki daga 1, wato sam ba haka yake ba, zuwa 5, haka yake sak. Minti goma zuwa sha biyar sun isa. A ba shi wuri shi kaɗai, a kuma ce ya faɗi yadda yake a kullum, ba yadda yake fatan zama ba. In maigidansa ko malaminsa na tsaye a kansa, amsar ladabi za a samu.

Wurin lissafi ne aka fi yin ɓarna. Wasu jimlolin a juye suke. "Nakan fara hira da mutane" tana ƙara makin cuɗanya, amma "Ba na yawan magana" rage shi take yi. Duk jimlar da ke juye, sai a ɗebe amsarta daga 6: wanda ya ba da 5 ya sami 1, mai 2 ya sami 4, 3 kuwa tana nan yadda take. Bayan haka ne za a tara goman, jimilla ta faɗa tsakanin 10 da 50. A ma'aunin natsuwar zuciya jimloli takwas cikin goma a juye suke, don haka wanda ya manta da wannan mataki zai mai da mai yawan damuwa ya zama natsattse.

An saka juyayyun jimlolin ne don kama masu cewa "e" ga komai. Wanda ya ba da 5 ga jimlolin nan biyu na sama, takardarsa abar a sake dubawa ce.

In za a mayar da takardar Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwama. A kuma lura da kunya: amaryar da ba ta magana gaban surukai tana iya zama sarauniyar hira cikin ƙawayenta, don haka jimlar ta fayyace cewa yawancin lokaci ake nufi. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Binciken da Michael Gurven da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 kan ƙabilar Tsimane ta Bolibiya bai fitar da halayen biyar yadda suke fita a Amurka ba.

Maki 34 shi kaɗai bai faɗi komai ba, sai an gwama shi da matsakaicin makin mutanen da suka yi kama da mai amsawa a shekaru da harshe. Kuma ba takardar gano ciwon ƙwaƙwalwa ba ce. Kuskure ne babba a hana mutum aiki ko aure saboda ita.

Nazarin tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane na da nasaba da gado. Duk da ana cewa hali zanen dutse ne, tsari da sauƙin kai kan ƙaru da shekaru, damuwa kuma ta ragu. Saboda haka a rubuta ranar gwaji da shekarun mai amsawa a kan takardar, kada kuma a auna shi cikin makoki ko rashin lafiya. A jira makonni, sannan a maimaita bayan sati biyu a ga ko makin ya zauna.